ILOJO BAR: GIDAN DA DOKA TA TSARE, KATAFILA TA RUSHE

Duk mutumin Arewa da ya zauna Ikko kafin 2016, in dai harka ta taɓa kai shi cikin Tsibiri, da wuya a ce bai wuce ta gaban wani tsohon bene da ke bakin Dandalin Tinubu ba, wanda fuskarsa ɗaya ke kan Titin Bamgbose, ɗaya kuma kan Titin Alli. Waɗansu sun sha inuwarsa suna jiran mota, waɗansu sun kasa kaya a gindinsa, amma kaɗan ne suka san sunansa. Sunansa Ilojo Bar, tsofaffin gari kuwa suna ce da shi Casa do Fernandez, watau Gidan Fernandez da harshen mutanen Fotugal. Tun 1956 hukuma ta sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, waɗanda doka ta hana a rushe su ko a sāke musu kama ba da izni ba. Ran Lahadi 11 ga watan Satumba 2016, ranar jajiberen Babbar Salla, sa'ad da ofisoshi ke kulle, fatake kuma suna can Agege da Alaba Rago suna fama da cinikin raguna, aka kawo katafila aka baje shi. Kafin hutun Salla ya ƙare ma'aikata su koma bakin aiki, babu abin da ya rage a wurin sai tarin ɓaraguzai.

Shekaru sun shuɗe, mai karatu kuma yana iya tambaya, me ya tayar da tsohon zance? Yana ma iya ƙarawa da cewa, ina ruwan Bahaushe da gidan da sunansa kansa ya nuna an sayar da barasa a ciki? Tambayoyin nan biyu suna kan hanya. Amsar ta farko gajeriya ce. Abin da ya ci Ilojo Bar yana nan bai ƙoshi ba, akwai sauran gine-gine irinsa a Ikko, akwai kuma a Kano da Zariya da Katsina, irin tsaron da ya kasa kare wancan kuwa shi ne dai aka dogara da shi ya kare waɗannan. Amsar ta biyu sai an ɗan koma baya.

A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, jiragen ruwan masu fataucin bayi sun yi ta kwasar mutane daga wannan gaɓa, daga Ikko da Badagry da tashoshin ƙasar Dahome, suna kai su lardin Bahiya na ƙasar Birazil don noman rake da taba. Yawancinsu Yarabawa ne da mutanen Dahome, amma akwai Hausawa da Nufawa da Barebari masu yawa, musamman bayan 1804, sa'ad da yaƙe-yaƙen jihadi suka sa kamammu suka yawaita, ana sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku. Hausawan nan ba su kwantar da kai ba. A 1807 aka tona wani shirin tawaye nasu a birnin Salvador, a 1809 da 1814 kuma aka yi tashe-tashen da suke kan gaba a ciki. Sa'an nan a watan Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi, bayi da 'yantattu Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da waɗansu Hausawa, suka yi babban boren da ake kira boren Male. An murƙushe su cikin dare ɗaya. An sami layu da rubuce-rubucen Arabiyya a jikin waɗanda aka kashe, daga nan kuwa hukumar Birazil ta ɗora wa 'yantattun Afirka karan tsana, ta kori waɗansu, ta matsa wa saura da haraji da dokoki, har da yawansu suka tara kuɗin jirgi suka komo.

Komowar ta ci gaba har bayan 1888, shekarar da Birazil ta soke bauta. Waɗanda suka sauka Ikko su ake kira Aguda, unguwarsu kuwa Popo Aguda, watau kewayen Dandalin Campos da titunan Bamgbose da Kakawa da Tokunbo da Igbosere. Akwai 'yan Katolika cikinsu, akwai Musulmi. Kaɗan ne suka komo da dukiya, amma da yawa sun komo da sana'a a hannu: magina, kafintoci, maƙera, masu fenti, teloli, masu gashin burodi. Ikko ta wancan zamani gari ne na bangon laka da jinkar ganye, gobara kuwa ba ta daɗewa ba ta ziyarce shi ba. Saboda haka maginin da ya iya aikin jan bulo da farar ƙasa, ya iya ɗora bene ya tsaya, ba ya rasa mai nemansa.

A bakin wannan unguwa, bisa tsarin waɗannan magina, aka tayar da gidan Fernandez. Shekarar da aka saba rubutawa ita ce 1855. Ko an tsaya kan wannan ko an matsa gaba cikin ƙarnin, gidan ya girmi Nijeriya kanta, tun da ba a haɗa Kudu da Arewa ba sai 1914.

Fasalinsa shi ne wanda mutanen Birazil ke kira sobrado, watau gidan ɗan kasuwa na cikin gari, kanti a ƙasa, iyali a sama. Wanda ya san zaure ya san rabin wannan dabara. Bahaushe ya raba harkar waje da ta cikin gida ta tsawo, zaure a gaba, cikin gida a baya. Su kuwa, da yake fili a bakin titi tsada gare shi, sai suka raba ta tsaye. A ƙasa akwai ƙofofi a jere suna buɗewa kan titi kai tsaye, don mai saye ya shigo ta nan, ɗan dako ya shigo da kaya ta can, ba mai tare wa wani hanya, in dare ya yi kuma a ja ƙyamare a kulle, kanti ya koma sito. A sama akwai dogayen tagogi masu ƙaramar baranda da aka kewaye da ƙarfen ado, aikin maƙera, inda mai gida zai tsaya ya ga abin da ke gudana a dandali ba tare da ya sauko ba.

Abin da ya fi jan ido a ginin shi ne kan ƙofofi da tagogin. An lanƙwasa su sun haɗu a sama da ɗan tsini, irin yadda ake gani a tsofaffin majami'un Turai. Maginin Zariya in ya duba zai tuna da bakan gizo, domin aikin ɗaya ne, watau a karkasa nauyin abin da ke sama zuwa gefe biyu, bango ya ɗauka, ba sai an gitta katako ko ƙarfe ba. Bambancin shi ne na Hausa da azara da laka ake ɗaura shi, kuma a cikin soro yake, wannan kuwa da bulo aka jera shi, aka fito da shi fuskar titi don ado. Can bisa kuma bangon ya zarce rufin ya ɓoye shi, abin da maginan Hausa ke kira rawani.

Irin wannan gini ba don kyau kaɗai aka tsara shi ba. Bango mai kauri yana jinkirta zafin rana. Rufin ɗaki mai tsawo yana barin iska mai zafi ta hau sama. Tagogi masu tsawon mutum, in an buɗe su fuska biyu, iskar teku tana ratsa gidan daga wannan titi zuwa wancan. An gina shi tun babu lantarki a Ikko, kuma an zauna cikinsa lafiya. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin siminti na Ajegunle ranar da aka ɗauke wuta ya san darajar wannan.

Wannan salo bai tsaya a Tsibiri ba. Da kuɗin koko suka shigo ƙasar Yarabawa, kowane attajiri a Abeokuta da Ijebu-Ode da Badun da Oshogbo ya so a gina masa bene irin na Ikko, da baranda da adon filasta a bakin taga, wani lokaci har da zakin siminti a kan ƙofa. Direbobin manyan motoci da ke bin wannan hanya suna ganin jikokin gidan Fernandez kullum, ko da ba su san kakan ba.

To, ga inda zancen barasa ya sami amsa. Tafiyar 'yan mintoci daga Tinubu, a Titin Martins, akwai Masallacin Shitta-Bey, wanda Muhammadu Shitta ya gina da kuɗinsa, aka buɗe shi a 1894, Gwamna Carter yana wurin, Sarkin Musulmin Istambul kuma ya aiko da wakili, wani Bature Musulmi na Ingila mai suna Abdullahi Quilliam. Wanda ya ja ragamar ginin masallacin Aguda ne, João Baptista da Costa. Makarantar gini ɗaya ce ta fitar da masallacin da kantin, har da babbar majami'ar Katolika ta farko a garin. Sana'ar da aka koya cikin bauta a hayin teku, inda kakannin Hausawa ma suka sha wuya suka zubar da jini, ita ce aka rubuta a jikin waɗannan bangaye. Barasar da aka sayar a ƙasan benen wani babi ne na zamansa, kuma ba wanda ya ce a yi alfahari da ita. Amma ba don ita hukuma ta tsare gidan ba, ba kuma don ƙyamarta aka rushe shi ba. Fili ake so.

Kada kuma a ɗauka Hausawa baƙi ne a wannan labari ta gefen Ikko. A 1863 Glover ya tara 'yan samarin Hausawa a garin, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta. Titunan da Aguda suke ginawa su waɗannan suke sintiri a kai.

A farkon shekarun 1930 gidan ya koma hannun wani mutumin Ekiti, mahaifin shahararren mai busa ƙahon nan Victor Olaiya, shi ne kuma ya raɗa masa Ilojo, sunan wurin da ya fito a ƙasarsu. Daga nan mutane suka riƙa ce da shi Gidan Olaiya. A 1953 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kayan tarihi, ta kafa hukumar da za ta lura da su, bisa naciyar wani Bature malamin zane, Kenneth Murray. Shekara uku bayan haka aka sa Ilojo Bar cikin jerin, yana cikin na farko-farko, tun ba a buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan ba, wanda sai 1957 aka buɗe shi. Wannan abin yabo ne ga mutanen wancan lokaci. Sun ga cewa tarihin ƙasa bai ƙare a fadar sarki da kushewar jarumi ba, kantin ɗan kasuwa ma tarihi ne.

Amma a dubi abin da ya biyo baya. Gidan ya yi shekaru masu yawa yana tsaye ba wata doka da ta tsare shi, domin yana da mai shi guda ɗaya, yana kawo kuɗi, mai shi kuwa in ya ga yoyo ya kira kafinta. Ya yi shekara 60 cif yana ƙarƙashin tsaron doka, a cikinsu ne ya tsufa, ya tsattsage, filasta ta zube, katako ya ruɓe, har aka sami bakin cewa ya zama haɗari. Gidan Tarihi na Onikan kuwa tafiyar ƙafa ce daga wurin, ba sai an hau mota ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sa gida cikin jerin bai mayar da shi na gwamnati ba. Yana nan hannun masu shi, sai dai an ɗaure musu hannun. Ba su da ikon rushewa, ba su da ikon ƙara hawa, ba su da ikon fasa bango su faɗaɗa kanti. Mai gida ya rasu, gida ya zama na magada, magada suka hayayyafa, kuɗin hayar 'yan kantunan ƙasa in an raba ba ya isar kowa, balle a ware na gyara. Gyaran irin wannan gini kuma ba na kowane birkila ba ne. Bangon jan bulo da farar ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, in aka shafe shi da siminti sai danshin ya maƙale a ciki, bulo ya riƙa narkewa a ɓoye, a waje kuwa ana ganin kamar an gyara. Sai an nemo wanda ya san aikin farar ƙasa, sai an kawo katako mai kyau, sai an bi a hankali, duk kuwa kuɗi ne. A gefe guda ga Babban Bankin Nijeriya yana kallonsu daga hayin dandali, ga dogayen benaye sun kewaye su, ga 'yan kwangila suna zuwa suna raɗa musu abin da filin zai kawo in an kawar da tsohon gini an ɗora rukunin shaguna.

Wannan shafi ba ya wanke wanda ya rushe. Wanda ya zaɓi ranar Lahadi ta jajiberen Salla ya san abin da yake yi, ya kuma san dalilin da ya sa bai zaɓi ranar Talatar aiki ba. Amma gaskiya ita ce ƙasa ta ce gidan nata ne wajen alfahari, na magada ne wajen asara. An ɗora wa iyali ɗaya ɗawainiyar abin da aka ce na mutum miliyan ɗari da ɗoriya ne. Wanda aka ba ajiyar doki ba a ba shi kuɗin harawa ba, in shekara ta kewayo aka tarar da dokin ya rame, da shi da mai dokin duk suna da abin amsawa.

Sai batun hukunci. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta ce wanda ya rushe irin wannan gini da gangan za a ci shi tarar Naira 1,000 ko ninki biyu na darajar ginin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko a haɗa masa duka. A 1979 Naira ta fi dalar Amurka ƙarfi, Naira 1,000 kuwa kuɗi ne na a zo a gani. A 2016 ba ta kai dala huɗu ba, ko ƙafar ragon layya ba ta saye. Ninki biyu na darajar gini kuma magana ce mai daɗin ji, amma wa zai yi kimar? Lauyan wanda ake ƙara zai ce kango ne da ke shirin faɗuwa, darajarsa ita ce ta tsohon bulo da ruɓaɓɓen katako. Dukiyar tana ƙasa, a filin, dokar kuwa ba ta taɓa filin ba. Ɗan kasuwa mai lissafi zai sa tarar cikin kuɗin aiki, kamar kuɗin man katafila. Jihar Ikko ma ta yi tata dokar ta tsare wuraren tarihi a 2011, shekara biyar kafin abin ya faru. Doka biyu ke nan a kan gida ɗaya, ta Tarayya da ta Jiha, ba wadda ta tsaya a bakin ƙofa ran Lahadi.

Za a ce ai tsofaffin gine-gine suna kashe mutane a Tsibiri. Haka ne, kuma ba abin wasa ba ne. A watan Maris 2019 wani bene ya rufta a Ita-Faaji, ya kashe mutane da dama, cikinsu har da 'yan makarantar da ke hawan sama, aka kuma bayyana cewa an riga an yi masa alamar rushewa tun kafin ya faɗi. A haɗa waɗannan biyu a duba. Ginin da aka ce a rushe ya tsaya har ya faɗa kan yara. Ginin da aka ce kada a taɓa, rana ɗaya ta ishe shi. In tsoron rai ne ke tuƙa katafila a Ikko, da ba haka lissafin zai fito ba. Gini mai daraja in ya raunana ana fitar da mutane ne, a tokare shi, a kewaye shi, a gyara.

Kuma ana iyawa. A harabar ma'aikatar jirgin ƙasa ta Ebute Metta akwai wani gidan bene na 1898 da ake kira Gidan Jaekel, wanda wata ƙungiyar sa kai mai suna Legacy ta gyara a 2010 ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. A birnin Ankara na Gana, zuriyar waɗanda suka komo daga Birazil, da ake kira Tabom, suna da tsohon gidansu a unguwar Jamestown, aka gyara shi da taimakon gwamnatin Birazil. Sai dai gidan Ebute Metta yana cikin filin hukuma ne, ba magada, ba ɗan kwangila mai raɗa. Wuyar tana ga gidan da ke hannun iyali a tsakiyar kasuwa, yawancin abin da ya rage na aikin Aguda kuwa irin wannan ne, kamar Gidan Ruwa na iyalin Da Rocha a Titin Kakawa.

Ba kuma za a tsaya ana nuna Yarabawa da yatsa ba. Tsohon Babban Masallacin Ikko, wanda aka gama a 1913, Musulmi ne da kansu suka kawar da shi don a gina sabon da aka buɗe a 1988. Niyyar mai kyau ce, jama'a ta yi yawa, amma abin da ya tafi ya tafi. A gida kuma, badalar Kano tana cikin jerin nan na ƙasa kamar yadda Ilojo Bar yake, duk wanda ya je ganin gida kuwa ya ga yadda aka yanka ta filoti-filoti, aka ɗebi ƙasarta aka yi tubali, aka kafa shaguna a kanta. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na zamanin Sarki Abdulkarimu, ya tsira ne don an lulluɓe abin da ya rage nasa cikin sabon gini. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta laka ce, kowace damina tana bukatar hannu. Kano ba ta bukatar katafila ranar Salla, nata rushewar a hankali ake yi, da rana tsaka, kowa yana gani.

Abin da ya kamata a yi ba ya da yawa, amma na farkonsa kuɗi ne. Ranar da hukuma ta ce gidan wani ya zama na tarihi, ranar ce ya kamata ta ɗauki rabonta na ɗawainiya a rubuce: ta yafe masa harajin gida da na ƙasa, ta sa injiniya ya duba shi kowace shekara, ta biya wani kaso na gyara. In magada sun ce sun gaji, ta saya a farashin kasuwa, ko ta ba su fili a wani wuri. In ba ta da kuɗin wannan, to ta rage jerin, ta tsare goma da gaske, ya fi ta rubuta ɗari a takarda. Kada kuma a kori 'yan haya don a mai da kowane tsohon kanti gidan kallo. An gina shi ne don ciniki, kanti mai mutane a ciki kuwa ya fi kulle tsawon rai, domin ɗan haya shi ke fara ganin yoyo.

Na biyu, hukunci ya bi filin. Bayan rushewar an yi ta Allah wadai, hukumar kayan tarihi ta ce ba da izninta aka yi ba, an kuma yi maganar a sāke gina gidan yadda yake. Sabon gini mai kama da tsoho ba zai dawo da hannun maginan farko ba, wannan kowa ya sani. Amma yana da amfani ɗaya babba, watau ya hana mai rushewa cin riba. Kamata ya yi doka ta faɗa a sarari cewa duk filin da aka rushe ginin tarihi a kansa ba za a ba da iznin ɗora kome a wurin ba sai irin abin da aka rushe, da tsawonsa da faɗinsa, kuma da kuɗin wanda ya rushe. In ɗan kwangila ya san hawa goma ba za su taɓa tsayawa a wurin ba, ba zai ɓata man katafilarsa ba. Sa'an nan ofishin Jiha da ke ba da iznin gini da na rushewa ya riƙe jerin nan a kan teburinsa, kada takarda ta fita a kan gidan da ke ciki sai da sa hannun hukumar Tarayya. Ma'aikacin da ya sa hannu ba tare da haka ba a ambaci sunansa a kotu tare da mai katafila.

Saura masu karatun wannan shafi. Mutanen Arewa ba su da gidaje a Popo Aguda, amma suna cikin waɗanda suka fi kowa kusa da bangayen. Su ne 'yan canji a bakin Titin Broad, su ne masu shayi da masu tireda a lungu, su ne masu gadi da ke kwana a ƙofar kanti sa'ad da masu gida suke Ikoyi ko Ingila. Ba a rushe gida ba shiri. Za a fara ƙin karɓar kuɗin haya na shekara mai zuwa, a zo da tef ana awo, a ba na sama takardar tashi, a cire kwano a bar ruwa ya yi aikinsa damina ɗaya ko biyu don a sami hujja. Ɗan hayan da ya ga waɗannan alamu, abu na farko ya kula da kansa: ya riƙe rasidinsa, kada ya biya shekara biyu gaba, kada kuma ya tafi gida hutun Salla ya bar kayansa duka a kanti. Abu na biyu, in ginin tsoho ne mai irin wannan fasali, ya sanar da Sarkin Hausawan unguwarsa ko shugaban ƙungiyar kasuwarsu, su kuma su kai magana a rubuce ofishin hukumar da ke Gidan Tarihi na Onikan, su karɓi kwafe mai hatimi, tun ana ranar aiki.